Fina-finan da suka girmi 'yancin Najeriya, amma har yau labarinmu suke bayarwa

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce domin waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba.

Yau maganar fim za mu yi, tsofaffin fina-finan Indiya da jarumansu. Na san tun yanzu wani ya fara cewa, “Malam, ana fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, kai kuma ka koma hirar Indiya?” Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. In ka ga na ɓata maka lokaci, ka faɗa min.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Kwanakin baya da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida ina latsa waya, sai wani guntun bidiyo ya faɗo min: wata mata cikin laka, ta saɓa garma a kafaɗa. Baba yana kusa da ni a kan tabarma. Ya leƙo, ya gyara tabarau, sai ya ce, “Kai, ai Nargis ce wannan.”

Wallahi sai da na juyo na kalle shi. Wannan fa mutumin da ya hana mu leƙa gidan kallo muna yara ne. Na ce, “Baba, ashe kuna kallon fim?” Ya yi dariya ya ce yana saurayi ya kalli wannan fim ɗin a silimar Plaza da ke Fagge har ya daina ƙirgawa. Bai iya Indiyanci ba ko kalma ɗaya, amma ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe ya ba ni. Da ya gama sai ya yi shiru, sannan ya ce, “Irin wannan bashin ne ya raba kakanka da gonarsa. Shi ya sa aka haife ka a birni.”

Shekarata ashirin da 'yan kai, na yi jami'a na gama, ban taɓa jin wannan labarin ba sai da wani fim na 1957 ya buɗe bakin mahaifina. Daga ranar na shiga neman fina-finan nan ina kallo ɗaya bayan ɗaya.

To wane zamani ake nufi?

Masana fim suna ware shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin Indiya a 1947 zuwa cikin shekarun 1960 a matsayin lokacin da fim ɗin Indiya ya kai ƙololuwa. Ƙasa ce sabuwa, an raba ta da Fakistan cikin zubar da jini, ga talauci, ga mutanen ƙauye suna kwarara birni. Masu shirya fim na Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, sai suka ɗauki waɗannan matsalolin suka saka su cikin labari da waƙa. Yawancin fina-finan ba su da kala, baƙi da fari ne. Babu kwamfuta, babu dabarar gyaran hoto ta yanzu. Abin da jarumi yake da shi fuskarsa ce da muryarsa.

Mu kuma a nan, Kwarori 'yan Labanan masu gidajen silima ne suka riƙa shigo da su. Silima ta daɗe a Kano, tun 1937 aka buɗe Rex. Da farko mutane ba su yarda da ita ba, har dodon bango suke ce mata, kuma gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, ta ƙara wa abin baƙin jini. Amma da fina-finan Indiya suka samu gindin zama, sai ga su Plaza da Orion da Eldorado, daga baya Marhaba, suna cika da dare. Matan aure ba sa zuwa, su sai daga baya suka samu nasu rabon ta talabijin da kaset ɗin bidiyo. Shaƙuwar ta kai har laƙabi aka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Tambayar ita ce, me suka gani? An kawo na Amurka, an kawo na Cana, amma na Indiya ne suka shiga zuciya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce kunya da sutura da girmama iyaye da auren dole. Gaskiya ne. Amma da na zauna na kalla da kaina, sai na ga akwai wani abu ƙari: fina-finan nan sun ɗauki talaka da muhimmanci. Bari in ba ku misali huɗu. Ku yafe ni, zan ɗan fasa ƙwai, amma fim ɗin da ya haura shekara sittin ai ba sirri ba ne.

Na farko shi ne wanda Baba ya gane, Mother India, na darakta Mehboob Khan, 1957. Nargis ta fito a matsayin Radha. Surukarta ta ci bashin rufi 500 a wurin wani mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin aurenta. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, shi kuwa littafin lissafi yana hannunsa. Ƙarshenta aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne, kuma duk wannan kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗin tana nan. Mijin ya rasa hannayensa biyu garin kawar da dutse a gona, kunya ta sa ya bar gida bai dawo ba. Ambaliya ta zo ta cinye komai. Sukhilala ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta, ta ƙi, alhali 'ya'yanta suna kukan yunwa. Ɗanta Birju ya tashi da ƙullin abin a ransa, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta da hannunta, saboda ta ce ba za a ci mutuncin 'yar kowa a garin ba, ko da 'yar wanda ya zalunce ta ce.

Yanzu ku tsaya ku yi tunani. Bashin biki. Dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke ciki ba. Manomin da ya karɓi taki da damina, kaka ta yi aka zo aka kwashe buhunansa. Matashin da zalunci ya tura daji da bindiga, ya koma yana zaluntar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wanne ne baƙo a cikinmu? Kuma fim ɗin bai ba ka amsa mai sauƙi ba. Kana jin zafin da Birju yake ji, kana kuma gane dalilin uwarsa. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje.

Ga wani abin mamaki. Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, shekararta 28 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ta taka rawar amarya har zuwa tsohuwa tukuf. Sunil Dutt da ya fito a ɗanta Birju sa'anta ne, duk a 1929 aka haife su. Ana cikin ɗaukar wani wuri na gobara, wutar ta ƙwace ta ritsa da Nargis, Sunil ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. A 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin ɗin nan dai. Ita kuwa cutar kansa ta yi ajalinta a 1981, 'yan kwanaki kafin fim ɗinsa na farko a matsayin jarumi ya fito.

Na biyu, Do Bigha Zamin, na Bimal Roy, 1953. Ma'anar sunan wata 'yar gona ce da ba ta kai eka guda ba. Mai gonar, Shambhu, attajirin garin yana bin sa bashi, kuma yana son filin ya gina masana'anta. Kotu ta ba shi wata uku ya biya. Sai ya tafi birnin Kalkata, ya shiga jan keken nan mai ƙafa biyu da mutum yake ja da gudu, fasinja yana zaune a baya. Ɗansa ya shiga wankin takalmi. Jama'a, wannan ai cin rani ne. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan uwanmu yana tura baro a Legas ko yana yankan farce a Fatakwal ya san Shambhu. A ƙarshe bai tsira da gonar ba. Ya dawo ya tarar ana gini, ya sunkuya zai ɗebi ƙasa cikin tafin hannu don tunawa, mai gadi ya hana shi.

Wanda ya yi wannan rawar, Balraj Sahni, ɗan boko ne na gaske, ya koyar, ya kuma yi aiki a sashen Indiyanci na BBC a Landan lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma kafin a fara ɗauka sai da ya je ya koyi jan keken a titunan Kalkata tare da masu sana'ar. Shi ya sa in ka gan shi yana haki, ba ka ganin ɗan wasa. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1954.

Na uku, Awaara, 1951, na Raj Kapoor, shi ya ba da umarni kuma shi ne jarumin, tare da Nargis. Wani alƙali ne ya yi imanin cewa ɗan mutumin kirki mutumin kirki ne, ɗan ɓarawo kuwa ɓarawo ne, babu makawa. Zargi ya sa ya kori matarsa tana da ciki. Yaron ya tashi a kwararo, yunwa da rashin gata suka mayar da shi ɓarawo, har ranar da aka gurfanar da shi, mahaifin yana kotun bai san jininsa ba ne. Wanda ya fito a alƙalin kuwa mahaifin Raj ne na gaskiya, Prithviraj Kapoor. Fim ɗin ya yi farin jini har a Tarayyar Sobiyet da Cana da Turkiyya. Ni da nake yawan shiga harkar yaran unguwa da suka faɗa daba da shaye-shaye, tambayar fim ɗin ta tsaya min a rai. Sau nawa muke cewa “ai asali ne, gidansu haka suke”, don mu kauce wa tambayar wa ya yar da yaron tun farko?

Na huɗu, Naya Daur, shi ma 1957, na B. R. Chopra. Dilip Kumar ne mai keken doki a ƙauye. Ɗan mai kuɗi ya dawo daga birni ya kawo injina ya sallami ma'aikata, ya kuma kawo motar bas da za ta kashe kasuwar masu keken doki. Aka yi sharaɗin tsere tsakanin mota da doki. Tambayar da ke ciki ita ce wadda muka yi ta yi lokacin da aka hana acaɓa a Kano a 2013, muke kuma yi yanzu kan na'urori masu ƙwace aiki: in ci gaba ya zo, ina za a kai wanda ya ture?

Bari in ɗan tsaya a kan Dilip Kumar, don in ana maganar iya wasa, da shi ake auna saura. Sunansa Muhammad Yusuf Khan, an haife shi a Peshawar a 1922, mahaifinsa ɗan kasuwar 'ya'yan itatuwa ne. Ya shiga fim a 1944 da sunan aro, har da tsoron kada mahaifinsa ya sani. Kun ga ashe ba a Kano aka fara ɓoye wa iyaye harkar fim ba. A zamanin da 'yan wasa suke ɗaga murya kamar a dandali, shi sai ya sassauta tasa. Yakan yi shiru kafin ya yi magana, kuma shirun ya fi maganar nauyi. Ya yi ta fitowa a labaran baƙin ciki irin su Devdas na 1955 har abin ya fara taɓa shi da gaske, likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi shawarar ya riƙa karɓar na barkwanci. Ya rasu a 2021 yana da shekara 98.

In kuna son ku ga abin da nake nufi, ku nemi Mughal-e-Azam na 1960, wanda K. Asif ya shafe sama da shekara goma yana fafutukar kammalawa. Labarin yarima Salim ne, ɗan sarki Akbar, da ya kamu da son baiwa Anarkali. Akwai wani wuri da Dilip yake shafa fuskar Madhubala da gashin tsuntsu, babu kalma ko ɗaya, kuma har gobe ana lissafa shi cikin wuraren soyayya mafi ƙarfi a tarihin fim ɗin Indiya. Abin da mai kallo bai sani ba shi ne, su biyun sun yi soyayya ta gaskiya ta watse, a lokacin ɗaukar wurin ko gaisawa ba sa yi. Ita Madhubala, Mumtaz Jehan a gida, an haife ta da rami a zuciya. Da ciwon ta yi aikin, har da ɗaukar sarƙoƙin ƙarfe na gaske a wuraren kurkuku. Ta rasu a 1969, shekararta 36 kacal.

Na faɗi wannan ne don kada mu ɗauka rayuwarsu aljannar duniya ce. Meena Kumari ta rasu a 1972 tana da 38, makonni kaɗan bayan fitowar Pakeezah. Guru Dutt, wanda ya yi Pyaasa a 1957, ya saki Kaagaz Ke Phool a 1959 kasuwa ta ƙi shi, bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, ya rasu a 1964 yana da 39. Yau wannan fim ɗin da aka ƙi shi ake koyarwa a makarantun fim. Mu ma mun ga yadda wasu tsofaffin 'yan wasanmu suke ƙarewa, sai an ɗauki bidiyonsu a gadon asibiti ana neman taimako sannan mu tuna da su.

Wani zai ce, to ai akwai rawa da waƙa da bautar gumaka a ciki. Haka ne, akwai, kuma ba zan ce maka komai nasu abin koyi ba ne. Al'adarsu daban, addinin yawancinsu daban. Iyayenmu ma da suka kalla ba su bar sallarsu ba, sun ɗauki abin da ya yi musu sun bar saura. Kowa ya san iyakar da ya sa wa kansa, ni ba fatawa na zo bayarwa ba.

Ga mai son gwadawa, ga shawarata. Kada ka kalla kana latsa wata wayar. Fina-finan nan suna kai awa uku, an yi su ne don mutumin da ya biya kuɗinsa ya zauna, don haka raba shi kwana biyu in ya yi maka tsawo. Ka ba shi minti talatin na farko kafin ka yanke hukunci. Kada ka tsallake waƙoƙin, domin a wancan zamanin waƙar tana ɗauke da abin da jarumi ba zai iya faɗa da baki ba, kuma muryoyin da kake ji na mawaƙa ne irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Mukesh, jaruman baki kawai suke motsawa. Ka kuma lura da haske da inuwa, yadda ake rufe rabin fuska da duhu in mutum yana cikin ruɗu. Sannan ka manta da lissafinmu na yara na akta da bos. A nan akta yana iya faɗuwa, kuma sau da yawa bos ɗin ba mutum ɗaya ba ne, tsari ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Fim yana mutuwa. Indiya da duk girman masana'antarta ta rasa Alam Ara na 1931, fim ɗinta na farko mai magana, babu kwafinsa ko ɗaya. Cikin fina-finanta marasa magana sama da dubu, 'yan ƙalilan ne suka tsira. Waɗanda muke kallo yau sun rayu ne saboda an kafa ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a garin Pune a 1964, kuma wani mutum, P. K. Nair, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gwangwanayen fim gari-gari.

Mu fa? Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanaye, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Ina Turmin Danya na 1990, wanda ake cewa da shi Kannywood ta fara? Ina wasannin su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama da aka yi ta nunawa a talabijin? Nawa ne cikinmu za su iya nemo su da hoto mai kyau su nuna wa ƙannensu? Kaset yana lalacewa, faifan CD yana karcewa, waɗanda suka san labarin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Don haka ga aikin gida na wannan makon, guda biyu ne. Na ɗaya, ka zaɓi fim guda cikin waɗanda na ambata, ka nemi wani babba a gidanku, Baba ko Inna ko Kawu ko Gwaggo, ku kalla tare. Ka tambaye su a ina suka fara ganinsa, da wa suka je, nawa suka biya, me ya sa su kuka. In sun yarda ka naɗi muryarsu a waya. Na biyu, ku duba ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin akwatuna. In akwai kaset ɗin bidiyo na wasan Hausa, kada a zubar, kada a ba yara su yi wasa da zaren. Ku ajiye shi inda babu zafi da danshi, ku sanar da mu, mu ga yadda za a haɗa kai a mayar da shi cikin kwamfuta.

Ni dai na riga na yi nawa. Ranar Juma'ar da ta wuce na jona waya da talabijin, muka zauna da Baba muka kalli Mother India tun daga farko. Da aka zo wurin da Birju yake miƙa wa uwarsa awarwaronta da ya ƙwato daga hannun Sukhilala, yana faɗuwa, sai Baba ya tashi ya ce zai je ya yi alwala. Lokacin sallah da saura. Ban ce masa komai ba. Da ya dawo ya yi min alkawarin bayan kaka zai kai ni ƙauyenmu ya nuna min inda gonar take.

Ku faɗa min wane fim ne na gidanku, kuma wa ya fara ba ku labarinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.